Ƙafar da Ta Ƙi Kwanciya

Ƴaƴana, wannan babin na daɗe ina kewaye shi. Kun tashi kun tarar da ni da ƙafa ɗaya da sandunan dogarawa, kun kuma tarar da wata magana tana yawo a unguwarmu ta Kalley game da wana, wanda kuke ce wa Baba Laminu, wai an taɓa kama shi yana tonon kabari. Na san kun ji, ko da yake ba wanda ya taɓa tambayata a cikinku. Na san ita ce ta sa wasunku suke gaishe shi daga bakin ƙofa su juya. Shi ne ya ɗaure bakina yana da rai. Yanzu ƙasa ta rufe masa ido, ni ma ina jin jikina, saboda haka zan faɗa muku abin da ya faru yadda na gan shi. Abin da ban gane ba kuma zan bar muku shi yadda yake.

Mu biyu muka baro Damagaram muka zo Yamai, shi da allonsa da littattafansa, ni da almakashina. Shi ya zama limamin ƙaramin masallacin layinmu, ni kuma na kama shagon ɗinki kusa da Babbar Kasuwa. Keken taka-taka nake aiki da shi, don kuran, wato wutar lantarki, ba abin dogaro ba ne a lokacin, ƙafar dama kuwa ita ce mai taka shi tun ina saurayi. Wata safiya ina tsallaka gudron, titin kwalta, mai moto, wato babur, ya buge ni a idon sawu. Ciwon bai kai ya kawo ba, na ɗaure da tsumma na koma aiki. Ashe ina da ciwon sukari ban sani ba. Kafin mu farga ƙafar ta yi baƙi, ta fara wari, likitoci suka ce in ana son rai sai an rabu da ita daga ƙasan gwiwa. Da aka gama aiki Yaya Laminu ne ya karɓe ta a asibiti. Ya je shagona ya yanko farin yadi, ya naɗe ta, ya kai ta maƙabarta ya binne a gindin katanga, kusa da wata aduwa, ya kafa dutse a wurin. Da ya dawo ya zauna a bakin gadona ya ce min ya kwantar da ita yadda ya kamata, ta riga ni ne kawai, zan same ta.

Miki ya warke lafiya. Bayan ya warke ne abin ya fara. Ina zaune a tsakar gida da hantsi, uwarku Rabi tana tankaɗe, sai na ji babban ɗan yatsana na dama yana ƙaiƙayi. Na sunkuya in sosa, hannuna ya sauka a kan tabarma. Muka yi dariya ni da ita, ita ce kuma dariyar ƙarshe da aka yi a kan wannan ƙafa. Daga ƙaiƙayi sai yatsun suka fara lanƙwashewa, suna shigewa cikin tafin ƙafa kamar ana matse su da filaya, diddigen kuma kamar an ɗora shi a kan tsinin dutse an danne. Wani lokaci ƙafar takan kama taka keke ita kaɗai, sama da ƙasa, sama da ƙasa, ina kallon wurin babu komi, amma ina jin ƙarfen keken a tafina har sanyinsa. In maƙwabcinmu ya tada nasa keken sai ta bi sautin. Na sha aika Rabi ta roƙe shi ya dakata, mutumin kirki ne, yakan dakata, amma ba a hana mutum neman abincinsa kullum.

Likitan da ya yi min aiki bai raina maganata ba. Ya ce sun san wannan ciwo, jijiyoyi ne ba su sami labarin an yanke ƙafa ba, wasu yakan sake su, wasu yakan daɗe. Ya rubuta min ordonans, takardar magani, muka saya a farmasi, na sha, ciwon ya ɗan ja baya kamar kare da aka jefa, ya dawo. Daga nan na koma wa masu tallar magani a tire, na fara shan tramol. Ba zan ɓoye muku ba, ita ce ta fara ba ni barci, ita ce kuma ta mayar da ni mutumin da yayarku Hadiza take gudu in ta ji ƙarar sandunansa. Rabi ta ce min wata rana gara mata mijin da yake kuka da wanda yake zaune ido buɗe ba ya gane ta. Muka shiga neman wata hanya. Yaya Laminu yana zuwa kowace safiya da rubutu a kwano, ya dafa kaina ya yi tofi, kuma hankalina yakan kwanta in yana nan, sai dai yatsun ba su san da zuwansa ba. Wanzami ya yi min ƙaho a cinya. Wata daga dangin Rabi ta kawo saiwoyi aka yi min hayaƙi har idanuna suka yi ja. A asibiti kuma wata yarinya mai koya wa irinmu tafiya, kine suke ce mata, ta kawo dogon madubi ta tsayar da shi tsakanin cinyoyina, ta ce in kalli ƙafar hagu a ciki in riƙa motsa ta. Na duba sai ga ni da ƙafa biyu. Na miƙe yatsun hagu, na cikin madubi suka miƙe, na kuwa ji na dama sun ɗan saki. Na sayi madubi na kawo gida. Yakan taimaka muddin ina kallo, da na ɗauke ido sai su koma su dunƙule. Ba kuma na son daɗewa ina kallon wannan ƙafar ta cikin madubi. Ta fi tawa ta da kyau, ba ta da tabon da na sani a ƙaurinta, kamar ta wani ce aka ara min.

Ana haka Rabi ta kawo Inna Gambi. Bazabarmiya ce, tsohuwa, daga ƙetaren kogi take zuwa, aikinta tausa. Ita take tausa wa masu jego da ƴan dako na kasuwa in bayansu ya riƙe. Ba ta da laya ko ɗaya a jikinta, ba ta kiran sunan kowa, abin da take riƙe da shi ɗan gwangwanin man kaɗe ne kawai. Ta ce mana fofo, gaisuwar Zabarmawa, ta zauna a bakin tabarmata, ta mutsuke man a tafinta har ya narke, ta kama cinyata. Ta yi ta bi a hankali har gwiwa, har dungun. Na ɗauka ta gama. Sai na ga hannayenta sun wuce dungun sun ci gaba, suna bin iska a saman tabarma, daidai inda ƙauri yake a da. Ni kuwa ina jin yatsunta. Na ji ɗumin man, na ji kaushin tafinta. Na rufe ido don in kama kaina da ƙarya, amma ko da ido rufe na san lokacin da ta kai idon sawu, na san lokacin da ta kama babban ɗan yatsa ta ja shi. Rabi ta ce min daga baya duk inda na ce wash, a nan hannun tsohuwar yake. Da ta iso diddige sai ta tsaya, ta daɗe hannunta yana wurin, sannan ta ɗago ta dube ni.

“Wa ya kwantar da ita?”

Na ce wana ne.

“A takure take,” in ji ta, da irin Hausarta. “Akwai abu ƙarƙashin diddigen.”

Rabi ta tambaye ta me za a yi. Ta goge hannu a zanenta ta ce ita tausa ta sani, ba ta san abin da ya wuce nan ba. Ku riƙe wannan, domin an yi mata ƙage daga baya: ba ta taɓa cewa a tona ba, ko sau ɗaya. Ranar na yi barcin rana ba tare da ƙwaya ba. Ta ci gaba da zuwa, kowace tausa takan ba ni hutun yini, wani lokaci har washegari, da haka na rage tramol har na kusa barinta. Amma kullum in ta zo diddigen sai ta tsaya ta girgiza kai, ciwon kuma in ya dawo daga nan yake farawa, kuma kamar da fushi yake dawowa.

Wata safiya Yaya Laminu ya shigo da kwanon rubutu ya tarar da ita tana tausar tabarma, ni kuma ina lumshe ido ina ce mata ƙasa kaɗan. Ya tsaya ya kalla. Bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Ya ajiye kwanon ya fita. Da yamma ya dawo ya ce Rabi ta ba mu wuri. Ya ce shi bai hana tausa ba, magani ne, amma abin da ya gani ba tausa ba ce, yana jin tsoron kada in buɗe ƙofar da ba zan iya rufewa ba. Na gaya masa abin da tsohuwar ta ce. Na roƙe shi ya je ya duba, ya gyara mata kwanciya, ko dutse ne ya cire. Ya ce abin da aka ba ƙasa ba a karɓowa, naman da ya rabu da rai kuma ba ya jin dutse, shi da hannunsa ya share ramin, babu ko tsakuwa. Ya ce shekara da shekaru yana hana mutanen layin nan bin irin waɗannan maganganu, da wane baki zai tsaya gabansu in ya ɗauki fartanya saboda maganar mai tausa. Na san gaskiyarsa. Amma mai ciwo ba gaskiya yake nema ba.

Aka shiga bazara, ciwon ya kai inda bai taɓa kaiwa ba. Inna Gambi ta yi rashin lafiya ta daina zuwa na wani lokaci. Wata rana da azahar, zafi ya kori kowa ɗaki, na ɗauki babban almakashina na yanka, na zauna na yi ta caka shi a tabarma, daidai inda nake jin diddigen, ina neman in kashe abin. Ban san na yi ba sai da Rabi ta riƙe min hannu ta baya tana salati. Ba ta gaya wa kowa ba, amma da Yaya Laminu ya zo washegari ya ga tabarmar, hujojin duk a wuri ɗaya, tazarar ƙafa daga inda nake zama. Ya durƙusa ya sa yatsa a cikinsu. Na ce masa na daina roƙonsa ya tona. Na ce ya nuna min wurin kawai, zan ja jiki da sanduna in je in tona da hannuna, in kuma ya ƙi zan bi gindin katangar ina tonawa har in dace, kowa ya gan ni ya ce na haukace. Da gaske nake, ya kuma san da gaske nake. Ya daɗe yana kallon tabarmar, sannan ya tashi ya tafi.

Bayan ƴan kwanaki, an sauko daga la'asar, ina jingine da bango ina cizon hannun rigata, sai na ji an taɓa ni a ƙafar. Ba irin taɓawar Inna Gambi ba ce, kamar iska ce ta shiga wurin da ya daɗe a rufe. Ƙaramin ɗan yatsa ya miƙe, na kusa da shi ya bi, har babban. Diddigen ya tashi daga kan abin da ya danne shi. Na ji ƙafar ta yi shaƙat, ta miƙe tsawonta, ta yi sauƙi kamar an ɗauke ta a hannu. Daga nan sai shiru. Na nemi in motsa ta, babu abin motsawa. Na kira Rabi na ce mata ta tafi. Ta ce wa? Sai hawaye suka zubo min. Ku gane, ranar da aka yanke ta ban yi kuka ba. Wannan ranar ce na zama mai ƙafa ɗaya.

Da Inna Gambi ta warware ta dawo, ban gaya mata komi ba, ina so in gani. Ta tausa cinya, ta tausa dungu, hannunta ya wuce kamar kullum, sai ya faɗi a kan tabarma. Ta lalluba dama da hagu kamar mai neman allura. Ta janye hannunta da sauri ta rufe gwangwaninta.

“Babu kowa a nan,” ta ce.

Ta ƙi shan ruwan da Rabi ta kawo mata. Ta yi mana sallama, ba ta sake taka gidanmu ba, ko da yake Rabi ta ci gaba da kai mata gaisuwa har ta rasu.

Kafin mako ya zagayo magana ta cika Kalley. Mai gadin maƙabarta ya ga mutum a gindin katanga da fartanya, ido na ganin ido, ya tona rami har gwiwa, yana ta faɗaɗa shi. Ya matso ya ga limamin layinmu ne, jikinsa duk ƙasa. Ya tambaye shi me yake nema, ya ƙi faɗa. Daga bakin mai gadi zuwa kasuwa, rami ya zama kabari, kabari ya zama na jariri, aka ce sassan jiki yake nema zai haɗa wa wani mai neman kujera asiri. Dattawan masallaci suka kira shi suka ce ya yi musu bayani ko da kalma ɗaya ce, su sun yarda da shi. Ya ce bai taɓa kabarin kowa ba, Allah ne shaidarsa, iyakar abin da zai ce ke nan. Suka sa wani ya riƙa jan salla. Iyaye suka kwashe ƴaƴansu daga karatun da yake ba su a zaurensa.

Na hau taksi na je gidansa. Na same shi zaune a zauren, alluna jingine da bango ba mai ɗauka. Na ce gobe zan tsaya a masallaci in faɗi komi. Ya ce in na faɗa, za a ce liman ya bi maganar bokanya, za a je ƙetaren kogi a hana tsohuwar nan cin abincinta alhali ba ta yi laifi ba, ni kuma ba mai sake kawo min ɗinki, za a ce aljanu sun taɓa ni, ga yara ƙanana. Ya ce shi ɗaya ya ɗauka ya fi sauƙi. Na ce to ai ya ga amfanin abin, ciwo ya tafi, ya gaya min mene ne ya tarar ƙarƙashin diddigen. Ya dube ni ya ce:

“Isufu, ban tarar da komi ba.”

Na ce yana nufin babu dutse.

“Babu ƙafar. Dutsen da na kafa yana nan, aduwa tana nan, ƙasar ba a taɓa ta ba, da ƙyar fartanya ta shiga. Na tona inda na sa ta, na faɗaɗa ta kowane gefe. Ko ƙashi ɗaya, ko zaren yadin. Na mayar da ƙasa na tashi.”

Na tambaye shi wane lokaci ne. Ya ce ya yi la'asar shi kaɗai a wurin kafin ya fara. Na kawo masa zancen karnuka, na kawo gara, na ce ko ya ɓata wuri. Ya ce duk ya yi wannan tunanin, yana kuma roƙon Allah ya sa ɗaya daga ciki ne. Ya ce abin da ya hana shi buɗe baki gaban dattawa ba ni kaɗai ba ne. Ya saba in an tambaye shi ya ba da amsa, wannan karon ba shi da ita, ba zai kuma ƙirƙiro ba. Ya sa na ɗora hannuna a nasa na yi alkawarin ba zan faɗa ba sai bayan ransa.

Na sayi keke mai aiki da kuran, na koma shago, da shi na ciyar da ku na sa ku lakol kuka yi boko. Tramol ban sake taɓa ta ba. Shi kuwa bai sake jan salla ba. Ya koma sayar da tasbaha da turare a bakin kasuwa, mutumin da a da ake tashi tsaye in ya shigo. Bai canza masallaci ba, ko da yake an so ya canza. Ni a kan kujera nake salla a ƙarshen sahun baya, sai ya dawo kusa da ni, shi yake karɓar sandunana ya jingine su, shi yake miƙo min in an sallame. A shekarun farko akan bar ɗan fili tsakaninsa da na gefensa. Daga baya waɗanda suka san zancen suka tsufa, filin ya rufe, amma maganar ba ta mutu ba, tun da har ta iso kunnenku. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Abu ɗaya ne kawai. Jifa-jifa, in mun fito daga masallaci ba kowa kusa, yakan dubi ƙafar wandona da Rabi take naɗewa, ya rage murya ya ce, ta dawo? In ce a'a. Ya ce alhamdu lillahi, mu wuce.

Ciwon ajalinsa bai daɗe ba. Ina zuwa kullum da hantsi in zauna a gefen katifarsa, in mutsuke man kaɗe in tausa masa ƙafafu yadda na ga ana yi, don sun kumbura suna damunsa. A makon da ya kwanta ne na farka wata safiya na ji ta, ƙafata ta dama. Ba ciwo, yatsun a miƙe suke, diddigen lafiya. Sanyi kawai take ji, irin na ƙasa mai laima in an tona ta da zurfi. Har yau da nake rubuta muku wannan tana nan, ko a tsakiyar bazara, kuma na fara jin sanyin yana hawowa sama da gwiwa. Ban gaya wa likita ba, ban gaya wa uwarku ba, a nan za ta gani.

Ranar da zai cika na same shi idonsa biyu. Ya sa aka fitar da mata. Ya kama hannuna da mai a jiki, ya jawo ni kusa, ya dubi ƙafar wandon.

“Ta dawo?”

Ina jin ta a lokacin, a miƙe kusa da tasa a kan katifar, sanyi ƙalau.

“A'a, Yaya,” na ce. “Aikinka ya yi.”

Ya saki hannuna ya gyara kwanciya, ya ce in ci gaba da tausar.